Yadda na koyi zana wa injin yanka aiki a manhajar Design Space

Sana'ata humra da turaren wuta ce, a gida nake yi, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sitikar da ake manna wa kwalba. Masu buga takardu ba sa son ƙaramin aiki, sai dai a buga da yawa. In uwar amarya ta zo ta ce tana son sunan amarya da na ango a jikin kwalaben da za a raba a wurin kamu, kwalaben ba su kai yawan da za a karɓi aikin ba, ko kuma a karɓa a tsuga kuɗin da zai cinye ribar. Wannan ne ya sa na fara sha'awar ɗan injin nan na yanka takarda da leda da ake ajiyewa a kan tebur. Ƙanwar maigidana da ke karatu a Ingila ta samo mini na hannu, Cricut Explore Air 2, samfurin da kamfanin ya fitar a 2016. Kamfanin na Amurka ne, a jihar Yuta yake. Sayen na Ingila ya yi mini daɗi ta gefe guda, domin soket ɗinsu mai baki uku irin namu ne, ƙarfin wutar ma ɗaya. Wanda zai sayo daga Amurka ya karanta rubutun da ke jikin adafta kafin ya jona, don wutarsu ba ta kai tamu ƙarfi ba.

Kafin injin ya iso, ɗan yayana da ke karatun kwamfuta ya leƙo gaishe ni, na ba shi labari. Ya ce, "Gwaggo, ai ba sai kin jira injin ba. Manhajar kyauta ce, mu sauke ta yanzu ki fara sabawa." Wannan shawara ita ce ta fi komai yi mini amfani, kuma ita nake ba duk wadda ta tambaye ni. Kuɗin yana tafiya ne a kan inji, amma wahalar koyo kusan dukanta a manhaja take. Injin kansa maɓallansa ba su taka kara sun karya ba, yaro ma zai iya dannawa.

Sunan manhajar Design Space. Muka sauke ta daga shafin kamfanin zuwa tsohuwar laftof ɗin gidan, muka buɗe asusu da imel da kalmar sirri. Akwai ta waya, ina ma amfani da ita wani lokaci in kwastoma na son ganin zane nan take, amma don koyo kwamfuta ta fi, saboda komai yana fili kuma linzami ya fi yatsa iya kama ƙananan abubuwa. Abu na farko da na canja shi ne ma'auni. Da inci take zuwa, ni kuwa da santimita nake auna kwalabena, sai na shiga saituna na mayar da ita. Wanda ya saba da tef ɗin tela zai iya barinta a inci.

In an buɗe sabon aiki, fili ne mai layi-layi kamar takardar lissafi. A hagu akwai wurin ɗauko rubutu, siffofi irin su da'ira da murabba'i da tauraro, hotunan kamfanin, da wurin ɗora hoton da mutum ya zo da shi. A sama ana saita girma da launi da irin aikin da za a yi, yanka ne ko zane da biro ko bugawa. A dama kuwa jerin fallaye ne, duk abin da aka sa a filin yana da nasa falle a wannan jeri. Da farko ban ba jerin nan muhimmanci ba, idona yana kan zanen da ke tsakiya. Daga baya na gane cewa shi jerin ne ke faɗin gaskiyar abin da injin zai yi.

Dalili kuwa shi ne, injin ba ya ganin hoto yadda idonmu ke gani. Layi kawai ya sani. Kamar tela ne da ya ja alli a jikin yadi ya miƙa wa yaronsa almakashi: duk inda alli ya bi nan za a yanka, ko da layin ya ratsa ta tsakiyar riga. Da na riƙe wannan, sai sauran maɓallan da ke ba ni tsoro suka zama masu ma'ana, domin kowannensu amsa ce ga tambaya ɗaya: ina wuƙa za ta bi, ina kuma ba za ta bi ba?

Na ga wannan da idona ranar da injin ya zo. Mun jona shi da wayar USB, manhajar ta gane shi, ta sabunta masa abin da take sabuntawa. Na rubuta "Amarya" da salon rubutu mai lanƙwasa, irin wanda haruffa ke riƙe hannun juna. A allon kwamfuta ya yi kyau ƙwarai, kalma ɗaya a haɗe. Ɗan yayana ya ce mu yanka shi a farar takarda yadda yake, don in ga wani abu. Na shimfiɗa takardar a kan tabarmar yanka mai danƙo, na juya maɓallin da ke gefen injin zuwa kan takarda, na danna mai kibiya ya ja tabarmar ciki, sannan na danna wanda ke ƙyaftawa. Da ya gama na ɗaga, sai ga wutsiyar kowane harafi ta shiga cikin na gaba ta tsaga shi, "m" ta yanki "a", "r" ta yanki "y", kalmar ta wargaje a hannuna gutsi-gutsi. A wurin injin harafi shida ne daban-daban, kuma ya zagaye kowanne har ƙarshe. Muka koma muka zaɓi kalmar, muka danna maɓallin da aka rubuta wa Weld. Nan take layukan da ke cikin mahaɗa suka ɓace, fallen ya zama ɗaya. Yanka na biyu ya fito kalma guda, na ɗaga ta da yatsu biyu ba ta rabu ba. Shi wannan narkewar, in an yi ta an adana aikin an rufe, ba a iya warware ta, don haka nakan kwafi rubutun in ɓoye kwafin kafin in narkar, saboda kwastoma na iya dawowa ta ce a canja harafi. A sababbin fitowar manhajar an ƙara wani mai suna Unite da ke yin aiki iri ɗaya amma ana iya warwarewa.

Na biyu da ke rikita sabon shiga shi ne Attach. Manhajar tana da tattali. In an gama zane an danna maɓallin tura aiki, sai ta kwashe duk abubuwan ta jera su a kusurwar tabarma yadda za su ci wuri kaɗan, ta kuma raba su tabarma-tabarma bisa launi. Wannan yana da kyau in furanni ake yankawa barkatai. Amma in an tsara sunan ango a sama, na amarya a ƙasa, kwanan wata a tsakiya, ana so su fito a yadda aka tsara su, dole a zaɓe su duka a liƙa su da wannan maɓalli. Haka in ana so biro ya yi rubutu a kan kati sannan wuƙa ta zagaye katin, sai an liƙa rubutun da katin, in ba haka ba kowanne zai tafi tabarmarsa. Akwai wani maɓallin na tara abubuwa rukuni guda, wanda mutane ke ɗauka aikinsu ɗaya. Shi wannan don sauƙin jan kaya ne a filin zane kawai, injin bai san da zamansa ba.

Akwai mai huda falle da falle, Slice, wanda ba ya aiki sai an zaɓi falle biyu cif, ba ɗaya ba, ba uku ba. Akwai Contour mai ɓoye wani ɓangare na zane. Waɗannan a hankali na saba da su, lokacin da aiki ya buƙace su.

Inda na fi daɗewa shi ne batun haruffanmu. Sunaye irin su Ɗanladi da Ƙasimu, ko a ce a rubuta "Barka da ƙoƙari" a kan kyautar yaron da ya sauke Alƙur'ani, suna buƙatar ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon rubutun ado ba da mu aka yi su ba. In an buga harafi mai lanƙwasa sai a ga akwati ko gurbi, ko kuma harafin ya fito da wani salo daban a tsakiyar kalma kamar bare. Wasu masu sana'ar sukan share lanƙwasar kawai su rubuta k da d, ni kuwa ba na so, don sunan mutum sunansa ne, kuma wanda ya biya kuɗi ya cancanci a rubuta masa daidai. Abin da ya cece ni shi ne manhajar tana karɓar duk salon rubutun da aka girka a kwamfuta. Ɗan yayana ya sauke mini Noto na Google, da Andika da Charis na SIL, dukansu kyauta ne kuma suna da haruffan Hausa. Sai an rufe manhajar an sake buɗewa sannan sabon salo yake bayyana a jeri. In kuma kwastoma ta nace sai wani salon ado da ba shi da harafin, sai in ƙera shi da hannu: in rubuta k, in ɗauko wani harafi mai ƙugiya a sama daga salon, kamar f, in yanko ƙugiyar, in ɗora ta a kan k ɗin, in narkar da su. Yana cin lokaci, amma in an yi sau ɗaya an adana, an huta.

Rubutun Larabci kuwa a wata manhaja nake yin sa, Inkscape, ita ma kyauta. A can nake rubutawa in tabbatar haruffa sun haɗu daidai kuma ɗigo yana wurinsa, in mayar da rubutun ya zama zane, in adana shi a matsayin SVG, sannan in ɗora. A nan akwai abin da na ɗaukar wa kaina: ba na yanka aya ko sunan Allah a kan abin da na san ƙarshensa bola, kamar ledar rabon biki ko kofin roba. Ko na firam ɗin bango na yi, ragowar da ta fito da siffar haruffan daban nake tara ta, ba na haɗa ta da shara.

Batun SVG ɗin nan ya kamata a fahimce shi tun wuri. Hotuna iri biyu ne. Akwai na ɗigo-ɗigo, irin wanda waya ke ɗauka, JPG ko PNG, wanda in an ƙara masa girma sai ya dushe. Akwai na layi, SVG, wanda ko an mai da shi girman ƙofa ba ya canjawa, kuma yana shigowa da fallayensa a rarrabe, kowane launi da nasa. Kwastomomi kusan kullum hoton tambarinsu suke turowa ta WhatsApp, wanda ya riga ya matse shi. In an ɗora irin wannan, sai an goge bayansa da hannu, a bi cikin kowane harafi a danna, ramin "a" da na "o" da na "e". In hoton ya dushe, gefensa kan fito da haƙora, wuƙa kuma za ta bi kowane haƙori tana karkarwa. Yanzu nakan roƙi a turo mini shi a matsayin fayil, ko in sake zana tambarin daga tushe in mai sauƙi ne. Sau da yawa sake zanawar ta fi gyaran sauri.

Game da kuɗi: duk hoto ko salon rubutun da ke da ɗan koren tambari a kusurwa na masu biyan kuɗin wata ne, tsarin da suke kira Cricut Access. Manhajar za ta bari a yi zane da shi, sai an zo yanka ta nemi kuɗi. Biyan dala duk wata ba ƙaramin abu ba ne ga mai sana'ar gida, shi ya sa nake tace bincike ya nuna mini na kyauta kawai, sauran kuma in zana da kaina. A watan Maris na 2021 kamfanin ya sanar cewa wanda ba ya biya ba zai ɗora fiye da hoto 20 a wata ba. Masu amfani da injin suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka janye maganar. Na ambaci wannan ne don mai shirin saye ya san cewa injin a ɗaure yake da manhajar kamfaninsa. Ɗora sabon hoto yana buƙatar intanet, ko da yake ana iya adana aiki a kwamfuta a yanka shi ba tare da data ba. Wanda ke zaune inda sabis ke wahala ya duba Silhouette Cameo kafin ya yanke shawara, domin manhajarsu, Silhouette Studio, a kan kwamfuta take zaune kuma tana aiki ba intanet, sai dai ta kyautar ba ta buɗe SVG sai an sayi mataki na gaba. Haka kuma salon rubutun da ake saukewa kyauta, da yawansu an rubuta cewa don amfanin kai ne, ba don kasuwanci ba. Haƙƙin mai shi ne, nakan karanta sharaɗin kafin in sa a kayan sayarwa.

Sitikar kwalba, wadda ita ce ta kawo ni, aikinta hawa biyu ne: firinta ta buga, inji ya yanka. Ana tsara tambari da suna da lambar waya a kan da'ira ko murabba'i, a zaɓe su duka a danna Flatten, su zama hoto ɗaya da za a buga, wuƙa ta zagaye gefensa kawai. In ba a yi haka ba, injin zai bi kowane harafi na lambar waya ya yanka. Firinta tana fitar da takardar da baƙaƙen alamomi a gefe. In an sa ta a injin, sai ya kunna 'yar fitilarsa ya bi alamomin yana karantawa kafin ya sauke wuƙa. Kafin aikin farko akwai gwajin daidaitawa a cikin saituna, ana buga takarda ɗaya, injin ya yi yanke-yanke a kan layuka, mutum ya faɗa masa wanne ya fi dacewa. Kada a tsallake shi, shi ne ke hana da'ira fitowa da fari a gefe ɗaya. A kuma tabbatar an zaɓi A4, don ita muke da ita a kasuwa, ta Amurka ta fi ta gajarta da faɗi.

Humra mai ce, in ta zuba a kan tawada sai rubutu ya dame. Saboda haka nake shimfiɗa farar leda mai gani-har-hanji a kan sitikar kafin yanka. Matsalar ita ce ƙyallin ledar yana kashe wa injin ido, ya kasa karanta alamomin. Maganin da ya yi mini shi ne in yanke ledar ta tsaya a kan zanen kawai, kada ta hau alamomin, in kuma kawar da injin daga bakin taga. Sannan ana rage nauyin wuƙa yadda za ta yanke sitikar ta bar takardar baya lafiya, don kwastoma ta riƙa ɓarewa ɗaya-ɗaya. Wannan sai da gwaji, kowace takarda da kaurinta. Ina da littafi da nake rubuta sunan takarda da saitin da ya yi mata.

Gwajin nan ya zame mini ɗabi'a. Duk sabuwar leda, sai na yanka ɗan tauraro a kusurwa tukuna. Leda tana da tsada, daga Legas ake turo mini yawancinta, takarda kuwa ko ta tsohon littafin yara ta isa a ga ko zane zai fita.

Daga kwalba sai aka fara tambayata riguna, na 'yan makarantar Islamiyya masu walima, da na ƙawayen amarya. Nakan sayo fararen riguna a Kantin Kwari. Ledar riga daban take da ta manni, da zafi ake liƙa ta. Ana kwantar da ita a tabarma gefen mai ƙyalli yana ƙasa, wato ta baya ake yanka ta, don haka dole a kunna juyin madubi a shafin ƙarshe kafin yanka, rubutun ya koma baibai a allo. Na rubuta "madubi" a takarda na manna a murfin injin. Bayan yanka sai tsinta: a sa ɗan ƙarfe mai ƙugiya a ɗaga kusurwar ledar da ba a so, a ja ta a hankali tana rabuwa da haruffa, sannan a koma a ciro 'yan ramukan ciki ɗaya bayan ɗaya. A nan mutum ke gane ko zanensa mai hankali ne. Siririn layi da ya yi kyau a allo yakan tsinke a hannu, ɗigon "i" yakan bi ledar ya tafi ba a lura ba. Tun daga nan na koma zaɓar salo mai kauri in rubutun ƙarami ne. Yawancin ledojin suna son zafi tsakanin digiri 150 zuwa 160, amma kowace tana zuwa da nata bayani. Da dutsen guga na fara, ba tururi, a kan katako mai tauri maimakon teburin guga mai laushi, ana dannawa ba a goga ba. Nakan ce wa kwastoma ta bari a kwana kafin a wanke, kuma a juya rigar ciki waje.

Tabarmar ita ma tana son kulawa. Launi huɗu ce: shuɗiya mai ɗan danƙo don takarda, koriya don leda da kati, mai ruwan makuba don abu mai kauri, da mai ruwan hoda don yadi. Girmanta inci 12 kowane gefe, amma zane ba ya wuce inci 11.5. Da hunturu ƙura tana kashe danƙonta da wuri, don haka da na gama nake mayar mata da ledar da ta zo da ita. Wajen cire takarda kuwa, kifa tabarmar ake yi a lanƙwasa ta, ita ta bar takardar, in an ja takardar ce sai ta nannaɗe. In an ɗauke wuta ana tsakar yanka, aikin ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, shi ya sa babban aiki sai na mayar da injin kan batirin sola kafin in fara. Ba ya cin wuta sosai.

Abin da ake sokawa a kan kek, mai sunan mai bikin, shi ne aikin da ya fi saurin kawo kuɗi, kuma maɓalli ɗaya ne sirrinsa, Offset, wanda aka ƙara a 2021. Yana zana inuwa mai kauri kewaye da rubutu, ta haɗe kalmomin su zama abu guda da zai iya tsayuwa a kan tsinke. Rubutun a kati mai ruwan gwal, inuwar a baƙi ko fari, a manna su.

Kwanan baya maƙwabciyata mai yin lalle ta shigo ta tarar ina tsinta. Ita da reza take yanka salataf tana fitar da zanen jan lalle, har yatsunta sun yi kanta. Ta ce, "Hajiya, wannan abin naki ba zai yanka mini fulawa ba?" Muka zauna muka gwada. A aikin lalle abin a juye yake, zanen ake cirewa a bar kewayensa, kuma duk wani tsibiri da ke tsakiyar fure sai an yi masa 'yar gada da za ta riƙe shi, in ba haka ba ya faɗi. Da siraran murabba'ai nake yin gadojin, in huda zanen da su. Ledar manni ta kwalba ba ta dace da fata ba, danƙonta ya yi ƙarfi, don haka salataf ɗinta da ta saba da shi muke shimfiɗawa a kan takardar bayan sitika mu sa a tabarma. Ta kawo mini zanenta goma sha biyu a takarda, ina sake zana su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kuma mun yi da ita cewa zanen nata ne, ba zan yanka wa wata mai lalle ba sai da izininta.